Sauran Kwana Talatin Da Uku

Ranar sunan jikan ƙanena ban samu wurin zama ba sai a bakin ƙofar kicin. An kafa rumfa a ƙofar gida, an jera kujerun haya, tsakar gida ta cika maƙil da mata cikin anko kala biyu, na dangin miji da na dangin mai jego. Ita kuwa mai jegon, tsakanin azahar da magariba sau uku ta sake kaya. An zana mata lalle, an yi mata kwalliya, ana ta jan ta daga wannan ɗaki zuwa wancan ana ɗaukar hoto. Duk wadda ta shigo sai ta karɓi jariri ta ce tubarkalla, Allah ya raya, Allah ya sa mahaddacin Alƙur'ani ne. Na koma gida raina fari, don an fita kunya.

Kwana huɗu bayan haka na sake komawa in kai mata yajin da na daka. Gidan yana can bayan Ɗanbare, irin unguwannin da ɗan adaidaita sahu zai sauke ki a bakin titi ki ƙarasa da ƙafa. Sai da na yi sallama sau uku aka amsa. Na tarar da ita tsugune a bakin rariya tana wanke kayan jariri, yaron yana ta tsala kuka a ɗaki, ga kofin shayi tun na safe ya huce ko kurɓa ba a yi ba, alhali an kusa kiran azahar. Yarinyar da aka yi wa ƙari aka ɗinke kwana goma sha ɗaya da suka wuce. Ƙafafunta sun kumbura har silifas ya yi musu shata. Mahaifiyarta ta koma gida washegarin suyar nama, don akwai 'yan makaranta a gabanta, kuma ƙanen nawa ba shi da lafiya. Mijin ya fita tun bakwai na safe zuwa Kantin Kwari, sai bayan isha'i zai dawo. Maƙwabta kowa ya kulle get ɗinsa.

Na ce, "'Yar nan, ya jikin?" Ta ce, "Lafiya lau, Gwaggo, alhamdu lillahi." Sai ta sunkuyar da kai, hawaye suka fara ɗiga a robar wankin.

Tun ranar abin yake cina. Mu Kanawa mun riƙe bikin haihuwa da hannu biyu, har mun ƙara masa abin da iyayenmu ba su sani ba, amma jegon kansa mun sake shi ya faɗi. Jego kwana arba'in ne. Suna ya cinye bakwai. Sauran talatin da ukun, waɗanda a cikinsu mace ta fi bukatar mutum a kusa, su ne muka bar ta daga ita sai jariri sai waya.

Ni haihuwata ta fari a gidanmu na yi ta, cikin birni, 'yar tafiya kaɗan daga Kasuwar Kurmi, shekara talatin ke nan da ɗoriya. Cikina yana wata bakwai aka zo aka tafi da ni goyon ciki, ban koma ɗakina ba sai da na yi arba'in har da kwanaki. Kafin assalatu Inna ta hura wuta a ƙarƙashin garwa. Yayar babanmu ce take min wanka, safe da yamma, da ganyen darbejiya. Ina fitowa kunu yana jirana, da rana ga tuwo da miya mai yaji, ga kauri. A kwanakin nan ban ɗora tukunya ba, ban taɓa tsintsiya ba, ban wanke ko zanen goyo ba. Da dare kakata ce ke kwana da jaririyar a gefenta, sai in za ta sha nono a tashe ni, ta gama a karɓe ta in koma barci.

Ba na cikin masu cewa komai na da alheri ne. Na ga matan da ruwan zafi ya saɓule wa fata. Na ga yadda ake matse dakashi, nonon farko mai kauri, a zubar wai ƙazanta ne, alhali shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar wa jariri. Na ga jaririn da wanzami ya cire wa beli jini ya ƙi tsayawa. An gasa cibiya da tsumma, an shafa mata abin da bai kamata ba, yara sun tafi, aka ce kwana ne ya ƙare. Waɗannan in sun ɓace ba zan yi kewarsu ba.

Amma akwai wani abu a cikin wankan nan da sai da na girma na gane shi. Tsohuwar da ke wa mai jego wanka, ita ce ke ganin jikinta sau biyu kowace rana. In jini ya yi yawa ita za ta fara gani. In ya canza wari ita za ta fara ji. In ƙafa ta kumbura, in nono ya yi tauri ya ɗauki zafi, in ido ya ɗashe, in yarinya ta daina hira ta fara zama shiru tana kallon bango, ba a kwana biyu ba a sani ba. Tsofaffin nan ba su da abin awon jini, amma suna da ido, kuma idon yana kan mai jego. Su ne ke cewa kabarin mai jego a buɗe yake har sai ta yi arba'in. Mun ɗauka tsoratarwa ce irin ta manya, ashe ilimi ne da suka tara daga gawarwakin da suka wanke da hannunsu.

Likitoci ma abin da suke faɗa ke nan da nasu harshen. Da yawa daga matan da haihuwa ke kashewa, bayan an gama yi musu barka suke tafiya: zubar jini, zazzaɓin da ke biyo bayan cuta ta shiga mahaifa, hawan jinin da ke kai ga jijjiga, ciwon zuciya. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a 2020, cikin duk matan duniya da ciki ko haihuwa ya yi ajalinsu, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu 'yan Nijeriya ne, kuma mu a Arewa mu muka fi ɗaukar kason. Shi ya sa hukumar ta ce a duba mai jego da jaririnta sau huɗu: a cikin awa 24 na farko, a rana ta uku, tsakanin kwana 7 da 14, sannan a mako na shida. Ki tambayi matan layinku wace ce aka duba sau huɗu. Wadda ta haihu a asibiti, awanni kaɗan ake sallamar ta saboda wasu suna jiran gadon. Wadda ta haihu a gida, kuma suna da yawa ƙwarai, ba ta ga ma'aikacin lafiya ba sam. Komawa ta gaba sai ranar allurar yaro ta mako shida, a ɗora shi a sikeli, a ɗiga masa, a yi masa allura, a cike kati, uwar da ta goyo shi tun daga gida tana haki ba wanda ya ce mata miƙo hannunki.

Hakin nan ina so mu tsaya a kansa. Akwai ciwon zuciya da ke kama mace a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. Zuciya ta yi rauni ta kasa tura jini yadda ya kamata, ruwa ya taru a ƙafa da huhu. Mace ta kasa kwanciya sai ta jingina da filo biyu ko uku, tari ya hana ta barci, ko banɗaki ta je sai ta tsaya a hanya ta huta. Arewa maso Yamma tana cikin wuraren da ciwon nan ya fi yawa a duk duniya. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka yi rubutu a kansa, suka zargi kanwa da zafin wanka da kwanciya a gadon wuta. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye, likitan zuciya a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya jagoranci wani bincike a asibitoci da dama a faɗin ƙasar nan, sakamakonsa ya fito a 2020. Ba su ga alaƙar ciwon da al'adun jego ba. Waɗanda ya fi kamawa su ne ramammu, da marasa aikin yi, da waɗanda ba su yi karatun boko ba, da waɗanda suka yi hawan jini da ciki. Shekaru muna musu a kan tukunyar ruwan zafi, masu boko na cewa a daina, tsofaffi na cewa sai an yi, ashe yunwa da talauci da rashin awo suna gefe suna ta ɓarna. Wannan ba izini ba ne a ɗura wa mai hawan jini kunun kanwa, don kanwa dangin gishiri ce, ko a watsa wa mai ɗinki tafasasshen ruwa. Ruwan da hannu zai iya jurewa ya isa. Amma ko da ganye aka yi wankan ko da soso, abin tambaya shi ne: ta ci ta ƙoshi? Wa ya dube ta yau?

Ban ce wani ne ya zauna ya ƙulla wannan sakaci ba. Gari ne ya buɗe. Yarinyar da ta tashi a Yakasai ko Mandawari, a gida mai sassa goma, yau an kai ta haya a Gaida ko Rijiyar Zaki ko bayan Hotoro, ɗaki biyu da falo, katanga da get. Mun so sirri da zaman kai, mun samu, sai ya zo mana da kaɗaici a goye. Uwar da za ta zo zaman jego ita ma yanzu malamar makaranta ce, ko tana da ɗan shagonta, ko ciwon ƙafa ya zaunar da ita. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, zuwa dubiya daga wannan gefen gari zuwa wancan sai an yi lissafi. Wankan kansa kuɗi ne, ga gawayi ko gas, ga ruwan da sai an saya jarka-jarka a wurin 'yan garuwa. Sannan ga magidanta matasa da suka ce su ba za a kai musu mata wankan gida ba. Wasu suna da hujja, sun ga inda aka tafi da mace wata uku aka dawo da ita da maganganu a kunne. To, na ji. Amma wanda ya hana a tafi da ita, ya ɗauki nauyin duk abin da za a yi mata a can. Ba a hana ta gidansu kuma a bar ta da wanki.

Kuɗi kuwa, kada a ce min babu, don na ga inda suke tafiya. Rago, wani ma biyu. Anko. Kayan fitar suna akwati guda. Rumfa da kujeru, wasu har hol suke kamawa da mai kiɗa. Mai kwalliya, mai lalle, mai hoto, robobi da kofuna na rabo. Na san gidajen da aka ci bashi aka yi wannan, aka wayi gari ranar tara babu kuɗin ƙwai biyu da mai jego za ta karya da su. Sau da yawa ita mai jegon ce kan gaba wajen nema, don ta ga na ƙawarta a waya, kuma tana tsoron gori. Laifin nan ba na maza ba ne su kaɗai. Mu mata mu muke auna darajar junanmu da yawan turamen da aka jera a kan gado.

Abin da muka karanta a islamiyya bai kai haka ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, dabba ɗaya ake yankawa ranar bakwai, namiji aka haifa ko mace, a raɗa suna, a yi aski, a yi sadaka, kuma yankan ma sunna ne ga mai hali. Malaman mazhabar har karhanta mai da naman walima suka yi, suka ce a ci, a yi sadaka, a aika wa mutane. Wajibin yana wani wuri dabam. A aya ta 233 ta Suratul Baƙara, inda Allah ya ambaci shayarwa shekara biyu, a nan take ya ɗora ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita a kan uban yaro, ya kuma ce kada a cutar da uwa saboda ɗanta. A Suratu Luƙman ya kira ɗaukar ciki rauni a kan rauni. Shari'a ta sauke mata salla, ta jinkirta mata azumi, muddin jinin biƙi bai ɗauke ba, har zuwa kwana sittin a wurin Malikiyya. Ubangijin da ya halicce ta ya ɗauke mata salla, mu mun kasa ɗauke mata wanke-wanke. Ina roƙon malamanmu da ake kira raɗin suna da sassafe su riƙa faɗa wa angon ƙarni wannan a gaban abokansa, kafin a raba goro da dabino.

Sai maganar nono, wadda kowa ke ba da umarni a kanta ban da mai shayarwar. A asibiti an ce mata nono zalla wata shida, ko ruwa kada ta ba shi. Ta dawo gida, uwar miji ta ce a garin da ake rana irin ta watan Afrilu, wane marar imani ne zai hana jariri ruwa? Maƙwabciya ta ce nonon ne bai ishe shi ba shi ya sa yake kuka, a sayo madarar gwangwani. Wata ta kawo jiƙo. Yarinya 'yar shekara ashirin, haihuwar fari, ga kunya, ga tsoron a ce ta raina manya, wa za ta bi? A nan gaskiya tana wurin asibiti: fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma ruwan da ake sha a yawancin unguwanninmu shi ke sa wa jarirai gudawa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna jarirai 29 ne kacal cikin 100 ke samun nono zalla a Nijeriya, kuma ba za a gyara wannan da yi wa uwa faɗa a layin rigakafi ba, tunda ba ita ke yanke hukunci a gidan ba. Kaka da uba ya kamata a zaunar a yi wa bayani. A kuma tuna, sabon jariri yana neman nono sau takwas zuwa goma sha biyu tsakanin dare da rana. Macen da aka ce ta yi wannan, sannan ta yi girki, ta yi shara, ta yi wanki, ta shirya 'yan makaranta, duk a kan shayi da burodi, an ɗora mata kayan da ba na mutum ɗaya ba ne.

Hawayen nan da na gani a robar wanki ma suna da nasu bayani. Akwai kukan da ke zuwa wa mace a kwanakin farko ba gaira ba dalili, ya wuce da kansa cikin mako biyu. Akwai kuma wanda ba ya wucewa. Mace ta ji duniya ta yi mata baƙi, barci ya ƙi zuwa ko da yaron ya yi barci, abinci ya fita ranta, ta kalli ɗan da ta haifa ta ji zuciyarta ba ta motsa ba, sai ta tsani kanta saboda haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana shiga irin wannan hali bayan haihuwa. Ki ƙirga gidajen sunan da kika je bana. Mu kuwa amsarmu a baki take: ki gode wa Allah, wasu shekara goma suna nema ba su samu ba. Sai ta haɗiye. In abin ya tsananta ta fara sambatu ko ta ƙi karɓar yaron, a ce iska ce, ko sammu, ko hannun kishiya. Ni mai addu'a ce, kuma na yarda da ruƙiyya. Amma wadda ta karye muna yi mata addu'a kuma mu kai ta ɗori. Wannan ma ciwo ne mai magani, akwai likitocinsa a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau, kuma zuwa wurinsu ba ya nufin an haukace. Mai jegon da ta ce ba ta jin daɗin ranta ba butulci ta yi wa Allah ba. A zauna a saurare ta, kada a toshe mata baki da wa'azi.

Bari in yi magana da 'ya'yana maza kai tsaye. Na san kasuwa ba ta jira, na san wanda bai fita ba gidansa ba za a ci ba. Tun 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikatanta maza in matansu sun haihu, amma yaron shago a Kwari ko Singa, ko ɗan adaidaita, ba shi da wanda zai rubuta wa takardar hutu. Ban ce ka zauna a gida ba. Kafin ka fita dai ka cika bokitai da ruwa. Ka tabbatar akwai abin da za ta ci da rana wanda ba sai ta tsaya a kan wuta ba. In ka dawo ka karɓi yaron ka sa shi a kafaɗa awa ɗaya ta runtsa, maimakon ka ɗauki filo ka koma falo don kuka ya dame ka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana hidimar iyalinsa a cikin gida, wannan ba abin kunya ba ne. Kuɗin rago na biyu ka ba wata dattijuwa ta riƙa zuwa wanki da girki wata guda. Kuma ka san alamomin nan kamar yadda ka san farashin yadi: jinin da ke jiƙe ƙunzugu cikin awa guda, zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, haki, kumburin fuska da ƙafa, ɗinki mai wari. A jariri kuma, ƙin kama nono, jiki ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, numfashi da sauri, ido da fata su yi ɗorawa, cibiya ta yi ja tana ruwa. Ko ɗaya ka gani ba a jiran gari ya waye, kuma ba kemis ake zuwa ba. Mata da yawa sun rasu suna jiran maigida ya dawo ya ba da izinin fita. Ka ba da izinin tun yau, ka faɗa a gaban mahaifiyarka, ka ajiye kuɗin mota a inda matarka ta sani.

Gwamnati ma akwai abin da bai fi ƙarfinta ba. Kano ta san yadda ake bin gida-gida. Da haka aka yaƙi shan inna har aka tabbatar a Agustan 2020 cewa Nijeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Duk mun san matan nan masu shuɗin hijabi da ke shiga lungu-lungu, sun san mai ciki, sun san wadda ta sauka, har gidan suna suke zuwa su ɗiga wa jariri. In ana iya ƙwanƙwasa ƙofa saboda ɗigo biyu a bakin yaro, ana iya ƙwanƙwasa ta ranar uku da ranar goma da abin awon jini a jaka saboda uwarsa. A kuma sa doka a duk wurin rigakafi, ba a miƙa katin yaro sai an auna jinin wadda ta kawo shi. Hutun haihuwa kuwa, dokar ƙwadago mako 12 ta ce, Kaduna ta mai da na ma'aikatanta wata shida a 2019. A nan na san malaman makarantun kuɗi da ke komawa aji da ɗanyen jiki tun kafin arba'in, don kada a ba wata gurbinsu.

Ranar nan dai na karɓi wankin, na tura ta ta ci abinci, na goya yaron. Ta kwanta bayan azahar, ba ta farka ba sai gab da magariba. Washegari na sa mijin ya bar kasuwa, muka kai ta asibitin da ta yi awo. Jininta ya hau sosai, har ma'aikaciyar ta sake aunawa don ta tabbatar, aka ɗora ta a kan magani nan take. Yaron kirki ne mijin. A hanyar dawowa ya ce min, "Wallahi Gwaggo ban sani ba, kullum na tambaye ta sai ta ce lafiya lau." Na yarda da shi. Haka muka koya wa 'ya'yanmu mata su riƙa cewa.

Da daddare na kira matan gidanmu ɗaya bayan ɗaya. Ba wadda za ta iya kwana talatin, amma ba wadda ta kasa kwana biyu. Muka raba. Ni Talata da Juma'a, ƙanwar mahaifiyarta Asabar da Lahadi. Wata mai aikin ofis ta ce ita ba za ta samu zuwa ba, amma miyar mako tana wuyanta. Uwar mijin, da ta ji abin da ya faru, ta aiko jikarta mai jiran sakamakon jarrabawa ta riƙa kwana. Haka muka kai ta arba'in. Ranar da ta zo min yawon arba'in kumatunta sun dawo, takalmin da ya ƙi shiga ƙafarta a da shi ne ta sako.

Watan gobe 'yar maƙwabciyata za ta sauka in Allah ya yarda, ita ma haihuwar fari, kuma can Kumbotso aka kai ta. Jiya uwar ta shigo da ƙyallen atamfar anko tana tambaya ko a ajiye min turmi. Na ce mata, "Hajiya, ni ki bar min ankon nan. Ki rubuta ni a makon da ke bayan suna, daga ranar tara ni zan zauna da ita." Ta yi shiru tana juya ƙyallen a hannunta, sannan ta ce bari ta kira yayarta ta ji ko za ta karɓi mako na uku.